Ni da Zanzaro

Ƙarfe uku na dare, Bolari na barci,
ni kaɗai ce a tsaye da tsintsiya.
Ƙafa ta kumbura kamar alkubus,
zobe ya ƙi fita, baya ya riƙe,
amma wani abu a ƙirji ya ce: tashi,
ƙarƙashin gadon nan bai sharu ba.

Na share shi jiya. Na sani.
Na share shi shekaranjiya.

Bappayo ya buɗe ido ɗaya:
"Wai wane babban baƙo za mu yi ne?"
Na ce, irin wanda ba ya aiko da saƙo.
Ya ja bargo. Da safe shi zai tura kabad,
karo na huɗu, daga gabas zuwa yamma,
ya kuma mayar da shi inda yake.

Na wanke labule, na wanke kwanon da ke wanke,
na goge fanka, fiffike bayan fiffike,
na jera gwangwanaye bisa tsawonsu
kamar 'yan makaranta ranar fareti.

Goggo Dudu ta iso daga Kumo da buhun gero,
da kanwa, da kimba, da yaji dakan hannunta.
Ta ƙirga itacen da ke bayan ɗaki,
ta ce ba zai kai arba'in ba.
Ta ga 'yan riguna a kan igiya,
kowacce da kaɗan ta fi tafin hannu,
ta kau da kai: "Mu a zamaninmu
ba a shanya kayan baƙo a tsakar gida
kafin a ji sallamarsa."
Na kwashe. Tana shiga alwala na mayar.
So nake su sha rana,
so nake in ga iska ta cika su.

Jaka na bakin ƙofa yau sati biyu.
Sista Rifkatu ta rubuto a takarda:
auduga, sabuwar reza, safar hannu, zani shida.
Na sa takwas.
Kullum sai na zazzage ta na sake shiryawa
kamar uwar adashe ranar kwasa.

A ƙasan akwati akwai hular ulu, ruwan ɗorawa,
da na saƙa bara waccan
don wanda ya juya tun bai iso ba.
Ban gaya wa kowa na fito da ita ba.
Na wanke ta ita kaɗai, da ruwan ɗumi,
na shanya ta a ɗaka.

Yau da hantsi na ɗaura tsintsiya a gora
zan kakkaɓe yanar da ke kusurwa,
sai ga zanzaro da laka a baki.
Ana ce masa shi; ni na gane ta, mace ce,
da ƙugunta siriri, abin haushi,
tana liƙa ɗaki a jikin bangon
da na shafa wa farar ƙasa ran Talata.
Ta fita, ta dawo. Ta fita, ta dawo.
Ba wanda ya aike ta.
Ba ta san fuskar wanda take wa ginin ba.

Na tsaya, gora a sama.
Sai dunduniya ƙarƙashin haƙarƙarina,
bugu biyu,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.

Na sauke gorar.
Na ce, 'yar'uwa, na bar miki kusurwa.
Allah ya raba mu lafiya, ni da ke.

Ɗaki ya yi fes, ban da wannan dunƙulen laka.
Hadari na haɗuwa ta wajen Liji,
kayan igiya sun bushe,
lambar mai keke na rubuce a bayan ƙofa.
Goggo na jan carbi, tana satar kallona.

To, baƙo, hanya a buɗe take,
ka zo duk sa'ad da Mai Sama ya ce.
Amma in za ka iya haƙuri zuwa gobe,
akwai bayan firij da ban duba ba.